Jami'ar Gari: Yadda Biranen Ingila Suka Gina Nasu, da Abin da Ya Sassauta Igiyar

"Assalamu alaikum Malam. Ni ƙaramin malami ne a wata jami'a, an sa ni cikin kwamitin da zai tsara yadda za mu kyautata hulɗa da mutanen garin da muke zaune. A takardun da aka raba mana na ga ana ta kafa hujja da wasu jami'o'in Ingila, irin su Mancesta da Bamingam da Shefil, wai su jami'o'in gari ne. Me ya sa ake kiransu haka, alhali kowace jami'a ai a wani gari take? Yaya suka taso, kuma akwai abin da za mu tsinta a tarihinsu, ko dai kwaikwayo kawai za mu yi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi maka jagora a wannan aiki. In na fahimce ka, tambaya biyu ka ɗaure da igiya ɗaya. Ta farko, mene ne ke mai da jami'a ta zama ta gari, ba mai zama a gari kawai ba. Ta biyu, ko labarin waɗancan na Ingila zai yi maka rana a teburin kwamiti. Tarihin ilimi shi ne fannina, na yi shekara uku a arewacin Ingila lokacin karatun digirina na uku, kuma sau biyu ana sa ni cikin kwamiti irin naku, don haka zan haɗa maka abin da na karanta da abin da na gani.

Gaskiyarka, kowace jami'a a wani gari take. Amma ɗan haya daban, ɗan gida daban, ko da ɗaki ɗaya suke kwana. Waɗannan jami'o'i an ce musu na gari ne saboda mutanen garin ne suka zuba kuɗinsu aka gina su, su ne suka zauna a majalisar da ke tafiyar da su, 'ya'yansu ne suka cika azuzuwan, kuma matsalolin sana'o'in garin ne aka fara ɗorawa a teburin bincike. Duk sauran bayanin da zan yi maka, labarin yadda aka ƙulla waɗannan igiyoyi ne da yadda suka saki.

Ƙasa mai masana'antu, jami'a biyu tak

Har zuwa shekarun 1820, duk faɗin Ingila jami'a biyu ce, Oksfod da Kembirij. Dukansu a ƙananan garuruwa suke, nesa da hayaƙin masana'antu, kuma babban aikinsu horar da limaman Cocin Ingila da 'ya'yan manya. Latin da Girkanci da lissafi ne abincinsu. Wanda ba ya bin Cocin Ingila ba ya shiga Oksfod, a Kembirij kuwa yana iya zama a aji amma ba a ba shi digiri. Sai a tsakiyar shekarun 1850 aka fara sassauta wannan sharaɗi, aka ƙarasa ɗage shi a 1871.

A daidai wannan lokaci arewaci da tsakiyar ƙasar na ta bunƙasa. Mancesta da ba ta kai mutum 100,000 ba a 1801 ta haura 300,000 a 1851, albarkacin masaƙun auduga, waɗanda yadinsu ya riƙa zuwa har kasuwanninmu. Attajiran da suka yi wannan arziki da yawansu mabiya ƙananan ɗariƙun Kirista ne, wato su ne ainihin waɗanda aka rufe wa ƙofa. Ga kuɗi a hannu, ga 'ya'ya, ga buƙatar masana, ba makaranta.

Maƙwabtansu na Sikotlan sun riga su da nisa. Jami'ar Edinbara da ta buɗe a 1583 majalisar gari ce ta kafa ta kuma ta daɗe tana riƙe da ita. A Landan ma an kafa kwaleji a 1826 wadda ba ta tambayar addinin ɗalibi, sannan a 1836 aka kafa Jami'ar Landan don shirya jarrabawa da ba da digiri. Daga 1858 ta yarda mutum ya yi karatu a duk inda yake ya zo ya zauna jarrabawarta. Ka riƙe wannan, domin ita ce tsanin da ƙananan kwalejojin birane suka taka, kuma ita ce za ta biyo mu har Ibadan.

Wasiyyar ɗan kasuwa

Wani ɗan kasuwar yadi a Mancesta mai suna John Owens ya rasu a 1846 ba mata ba ɗa, ya bar wasiyyar kusan fam 100,000 a kafa kwaleji, da sharaɗin kada a tambayi malami ko ɗalibi aƙidarsa. Aka buɗe ta a 1851 a cikin wani gidan zama a titin Quay, tsakiyar gari.

Abin da takardun kwamiti ba sa faɗa shi ne, saura ƙiris ta mutu. Kafin shekara goma ɗalibai sun ragu ƙwarai, jaridun garin sun fara yi mata kallon asarar dukiya. Dalilin a fili yake. Makarantun sakandare na garin ba sa fitar da yaran da suka shirya wa karatun, darussan kuma sun yi kama da na tsofaffin jami'o'in da aka gudo daga gare su. Ɗan kasuwa ya ga gara ya sa ɗansa a ofishin lissafin kamfani tun yana ɗan shekara goma sha biyar. Kuɗin gari ne ya gina ta, amma garin bai ga kansa a cikinta ba.

Wanda ya fi kowa juya akalar shi ne Henry Roscoe, malamin kimiyyar sinadarai da aka ɗauka a 1857. A Jamus ya yi karatu, hannun Robert Bunsen, ya ga yadda jami'o'in can ke ciyar da masana'antu. Sai ya fita daga aji ya bi masu rini da masu buga zane a yadi da masu haɗa sinadarai, yana nuna musu abin da ɗakin gwaji zai yi wa cinikinsu. Ya ba azuzuwan dare ƙarfi don masu aiki da rana, ya riƙa yin laccoci ga talakawan gari. Da masu masana'antu suka ga yaron da ya fito daga hannunsa yana warware musu abin da ke cinye musu riba, suka saki bakin aljihu. A 1873 kwalejin ta koma sabon gini a titin Oksfod, inda jami'ar take har yau. A ganina wannan shi ne darasi mafi tsada a duk tarihin: ba wasiyyar Owens ce ta mai da kwalejin ta gari ba, takalmin Roscoe ne.

Kowane gari da sana'arsa

Bajekolin duniya da aka yi a Faris a 1867 ya tsorata Turawan Ingila, don sun ga Jamus da Faransa na cim musu a ƙere-ƙere. Abin ya fi ciwo a harkar rini, domin Bature ɗan Ingila, William Perkin, shi ya fara haɗa launin rini na sinadari a 1856, amma cikin 'yan shekaru kamfanonin Jamus suka kwashe kasuwar, saboda suna da masana da yawa. Daga nan birane suka shiga tsere.

A Lids, garin ulu da saƙa, an buɗe kwalejin kimiyya a 1874. Ƙungiyar masu harkar tufafi ta Landan ta ɗauki nauyin sashen saƙa da na rini, daga baya kuma aka buɗe sashe guda na jima da sarrafa fata. Ka tsaya ka auna wannan, Malam: sashen jami'a sukutum, da farfesansa, aikinsa jima. A Bamingam, Josiah Mason, wanda ya tashi cikin talauci ya yi arziki da ƙera bakin alƙalami na ƙarfe, shi ya gina kwalejin kimiyya da ta buɗe a 1880. A Shefil, garin ƙarfe da wuƙaƙe, Mark Firth mai masana'antar ƙarfe ya kafa tasa a 1879, ta haɗe da makarantar likitanci da ta fasaha a 1897. Biristol ta buɗe tata a 1876, ta karɓi mata tare da maza tun ranar farko, in ban da fannin likitanci. Libaful ta biyo baya a 1881.

Dukansu kwalejoji ne, ba su da ikon ba da digirin kansu. Mancesta da Libaful da Lids suka shiga inuwa ɗaya mai suna Jami'ar Victoria, wadda aka kafa a 1880. Wanda ya fasa wannan tsari shi ne Joseph Chamberlain, tsohon magajin garin Bamingam, mutumin da ya mai da ruwan sha da iskar gas na garin hannun majalisa. Shi ya dage cewa Bamingam ba za ta raɓa da kowa ba, jami'arta za ta ɗauki sunan garin ita kaɗai. A 1900 aka ba ta takardar izini, ya zama uban jami'a na farko. Andrew Carnegie ya ba da fam 50,000, wani mai ƙasa ya ba da fili a unguwar Edgbaston, aka buɗe tsangayar kasuwanci a 1902, har ramin kwal na koyo aka haƙa a harabar don ɗaliban haƙar ma'adinai. Ganin haka sauran suka ce su ma ba a bar su a baya ba: Libaful 1903, Mancesta da Lids 1904, Shefil 1905, Biristol 1909. Cikin shekara tara, jami'a shida.

Labarin Shefil ne ya fi taɓa ni. Da aka tashi neman izini, ba attajirai kaɗai aka bi ba. An zaga masana'antun ƙarfe da ramukan kwal ana karɓar kwabo-kwabo daga hannun leburori, aka haɗa da na masu hali, kuɗin ya haura fam 50,000. Mutumin da ke tsaye gaban wutar narka ƙarfe tun asuba, wanda bai taɓa shiga sakandare ba, ya cire kwabo daga ladan makonsa don a gina makarantar da watakila sai jikansa zai shiga. Wanda ya yi haka, in ya wuce ta gaban ginin, ba ya jin baƙo ne.

Na taɓa tsayawa gaban ginin Victoria na Jami'ar Libaful, wanda aka gama a 1892, a kan tudun Brownlow. Jan bulo ne tun daga tushe har hasumiyar agogo, kuma daga gare shi aka samo laƙabin da ake yi wa waɗannan jami'o'i, wato jami'o'in jan bulo. (Sunan kan tuna mini da unguwar Janbulo ta Kano, wadda ita ma take dab da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero.) Henry Tate mai sukari ne ya biya kuɗin ɗakin karatun da ke ciki, agogon da ƙararrawarsa kuma wani mai sana'ar dafa 'ya'yan itace da sukari, William Hartley. Ba katanga, ba mai gadi a bakin ƙofa, motocin haya na wucewa ta gabansa. Yanzu gidan tarihi ne, kowa ya shiga kyauta. Na ga wata tsohuwa da jakar cefane a hannu ta shigo ta zauna tana shan shayi a ƙasan bene, kamar a zauren gidansu.

Wa ke da murya, wa ke cikin aji

Ba gini kaɗai mutanen gari suka bayar suka koma gefe ba. Majalisar gudanarwa, wadda ke riƙe da kuɗi da ƙasa da ɗaukar ma'aikata, mafi yawan 'yanta ba malamai ba ne: 'yan kasuwa ne, da kansiloli, da likitoci da lauyoyin garin. Malamai suna da tasu majalisar mai kula da karatu da jarrabawa. Wannan rabon aiki na majalisa biyu shi ne jami'o'in Najeriya suka gada, sai dai mu mun gaji siffar, ba mu gaji ma'anar wakilcin gari da ke cikinta ba. Majalisun birane kuma sukan ware wani kaso na harajin gari su ba jami'a duk shekara, su biya wa hazikan yara kuɗin makaranta.

Ɗalibai kuwa 'yan gida ne. A ɗakin iyayensu suke kwana, su hau taragon cikin gari da safe, su dawo da yamma. Da yawa suna zuwa ne da dare bayan sun tashi aiki. Daga 1890 aka buɗe sassan horar da malaman makaranta a kwalejojin, wannan ya kawo mata da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda suka gama suka koma koyarwa a makarantun garin. Asibitin garin shi ne asibitin koyarwa. A Libaful, William Lever mai sabulu ya ba da kuɗi a 1909 aka buɗe sashen tsara birane, garin da kansa ya zama abin nazari.

Kada in nuna maka fuska ɗaya. Mai ba da kuɗi yana da baki, kuma wani lokaci bakin ya yi yawa. Mason ya gindaya cewa ban da ilimin addini da karatun adabi zalla a kwalejinsa, sai daga baya aka faɗaɗa. Ɗan lebura da ya ba da kwabo ba kasafai yake samun shiga ba, domin sai an gama sakandare, ita kuma da kuɗi. Sannan akwai maganar inda dukiyar ta fito. Fam 100,000 da Henry Overton Wills ya yi alkawari a 1908, wanda ya ba Biristol damar zama jami'a, kuɗin taba ne, tabar da asalin cinikinta ya jingina da gonakin da bayi suka noma a Amurka. Audugar Mancesta ma kafin yaƙin basasar Amurka daga irin waɗannan gonaki take. Mu kuma abin ya shafe mu kai tsaye ta Libaful. Makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka kafa can a 1898, Alfred Jones ne ya assasa ta, mai kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster da ke jigila tsakanin Libaful da gaɓar Afirka ta Yamma, kuma shi ne ya kafa bankin da ya zama First Bank a yau. Ronald Ross, wanda ya tabbatar sauro ke yaɗa zazzaɓi, a can ya koyar. Ilimin ya amfani duniya, amma abin da ya sa aka zuba kuɗin shi ne ma'aikatan kamfanoni da na mulkin mallaka suna mutuwa a ƙasashenmu. Buƙatar garin Libaful ke nan a lokacin. Jami'ar gari tana ɗaukar halin garinta ne, mai kyau da marar kyau.

Abin da ya sassauta igiyar

Wani rukuni ya biyo baya. Notingam, wadda majalisar gari ta gina a 1881 kuma Jesse Boot mai shagunan magani ya ba ta sabon fili, ta zama jami'a a 1948. Lesta, wadda aka kafa a 1921 don tunawa da 'ya'yan yankin da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta samu nata izinin a 1957. Amma kafin nan ƙasa ta riga ta fara zamewa.

Kuɗi ne farko. Gwamnatin tsakiya ta fara ba kwalejojin tallafi a 1889 da fam 15,000 kacal a raba. A 1919 ta kafa kwamitin rabon tallafi ga jami'o'i. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mafi yawan kuɗin jami'a daga baitulmalin Landan yake zuwa, kuma kowa ya san inda akuya ke kallo, wajen mai dusa ne. Kamfanonin iyali da suka gina su ma wasu aka sayar, wasu hedikwatarsu ta koma Landan, masaƙu da masana'antun ƙarfe suka yi ta rufewa a shekarun 1970 da 1980.

Sai ɗalibai. A farkon shekarun 1960 aka kafa ofishi ɗaya na neman gurbi ga duk ƙasa, dokar 1962 kuma ta wajabta a ba ɗalibi kuɗin makaranta da na ci da kwana. Yaron Shefil ya tafi Biristol, na Biristol ya tafi Lids, barin gida ya zama wani ɓangare na karatun. Sababbin jami'o'in da aka gina a wannan zamani, irin su Yok da Lankasta da Warik, a filayen bayan gari aka dasa su, da ɗakunan kwanansu. Aikin karantar da 'yan gida da masu zuwa da dare ya koma hannun kwalejojin kimiyya da fasaha da ke ƙarƙashin ƙananan hukumomi. Su ma dokar 1988 ta cire su daga hannun ƙananan hukumomin, a 1992 suka zama jami'o'i.

Na uku, ma'aunin daraja. Daga 1986 aka fara auna binciken kowane sashe a raba kuɗi bisa makin da ya samu, daga baya jadawalin martabar jami'o'in duniya ya shigo. Malami ya gane cewa takarda ɗaya a babbar mujalla ta fi masa shekara guda ta aiki da majalisar gari. Ban ce wannan duk asara ba ne. A Mancesta Ernest Rutherford ya gano tsakiyar ƙwayar zarra a 1911, a can aka kunna kwamfuta ta farko mai ajiye umarninta a cikinta a 1948. Jami'ar da aka ɗaure ta da buƙatar masu masaƙa kaɗai ba za ta yi wannan ba. Amma an wayi gari jami'a ita ce babbar mai ɗaukar ma'aikata a birni, ta saye filaye, ɗalibanta sun tsadar da haya a unguwanni, ga yaran unguwar da ke jikin katangarta ba su taɓa tunanin shiga ba.

Wannan ne ya sa aka kafa wani kwamiti ƙarƙashin Lord Kerslake, wanda ya taɓa shugabantar ma'aikatan majalisar birnin Shefil, ya fitar da rahoto a 2019 yana kira ga jami'o'i su rattaba yarjejeniya da garuruwansu. Jami'o'i da dama sun amsa. Ina kyautata zaton daga wannan guguwa takardun da aka raba muku suka samo kalmar. Ka lura, abin da kakanninsu suka yi da kwabo da kujerar majalisa, jikoki suna neman maido shi da sa hannu a takarda. Yana da amfani, amma bai kai na farkon ƙarfi ba.

Mu kuma fa?

Namu jami'o'in ba ta wannan hanya suka zo ba. Kwalejin Ibadan ta buɗe a 1948 tana ba da digirin Landan, daidai lokacin da ɗaliban Lesta ke zaune wa jarrabawar Landan ɗin. Amma siffar da aka ba ta ta makarantar kwana ce a bayan gari, don horar da 'yan ƙalilan da za su karɓi aikin gwamnati. Jami'ar Ahmadu Bello gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa ta a 1962, ta yanki ce ba ta birni ba, kodayake ta gaji cibiyar binciken noma ta Samaru da cibiyar horar da ma'aikatan mulki ta Kongo, waɗanda aikinsu ya shiga ƙauyuka da ofisoshin En'e fiye da yadda ake yaba musu. Ta Bayero a Makarantar Nazarin Larabci ta Kano ta fara a 1960, cikin gari, ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 1977. A 1975 gwamnatin tarayya ta karɓe jami'o'in yankuna. Wato abin da ya ɗauki Ingila shekara hamsin yana faruwa a hankali, komawar kuɗi da iko tsakiya, mu kusan da shi muka fara. Har harajin ilimi da kamfanoni ke biya sai ya je Abuja TETFund ta rabo shi, mai masana'anta bai san ajin da kuɗinsa ya gina ba.

Duk da haka akwai igiyar da muke da ita wadda su suka rasa. Ɗalibanmu da yawa 'yan gida ne, daga unguwa suke hawa adaidaita su zo lacca, kuma tsarin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in tarayya ya ware kashi 35 cikin 100 ga yankin da jami'a take. Asibitocin koyarwa cike suke da mutanen gari kullum. Attajiranmu ma sun fara, ga makarantar kasuwanci ta Ɗangote a Jami'ar Bayero. Inda muka fi rauni shi ne murya da kuma matsalar da ake bincike a kai.

Bari in ba ka abin da ya faru da ni a wata jami'a da na yi aiki. Kwamitinmu ya kai ziyara wata marina, muka je da takardun tambayoyi. Wani dattijo yana zaune bakin rami, hannayensa sun rine da shuni har gwiwar hannu, yana juya baba da muciya. Bai karɓi takardar ba. Ya ce, "Shekarun baya ma wasu daga wajenku sun zo, suka ɗebi ruwan karofi da na rijiyarmu a kwalabe, suka ɗauki hotuna. Har yau ba mu ji abin da kwalbar ta ce ba." Muka koma muka bincika, sai ga aikin a kan kanta a ɗakin karatu, kundin digiri na biyu, da Turanci, ƙura ta rufe shi. A ciki an gano cewa ruwan rinin kanti da wasu ke zubarwa a kwata yana tsiyaya zuwa rijiyar da unguwar ke sha. Wata matashiyar malama a cikinmu ta taƙaita shi a shafi biyu da Hausa, muka koma ta karanta musu a gaban mai unguwa. Su da kansu suka haƙa ramin zubar da ruwan nesa da rijiya. Bayan wata biyu dattijon nan ya aiko ɗansa da tambaya kan abin da ke sa baba ya ƙi kamawa da sanyi. Ranar ce na ga an buɗe ƙofar da ziyarce-ziyarcenmu na gaisuwa suka kasa buɗewa.

Don haka in ka zauna a kwamiti, kada ku fara da rubuta yarjejeniya. Ku fara da ƙirga. Ɗalibai nawa ne daga ƙananan hukumomin da ke kewaye da ku, daga waɗanne makarantu, kuma wace unguwa ce ba ta taɓa turo ko ɗaya ba? Kundaye nawa aka rubuta a kan kasuwar garin da ruwansa da majemarsa, nawa aka mayar wa masu abin da harshen da suke ji? Abinci da kujeru da ɗinkin da jami'a ke saye, nawa ne daga hannun 'yan garin? In filin jami'ar gonakin mutane ne a da, ku binciki maganar diyya tun kafin wani ya tayar da ita a taro, don irin wannan miki ba ya warkewa da walima. Sannan ku nemi kujeru na dindindin, ba gayyatar biki ba, ga ƙungiyar 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da malaman makarantu da mata, a kwamitin da ke da kasafin kuɗinsa. Mafi wuya, kuma wanda in babu shi sauran za su bushe, shi ne ku roƙi majalisar malamai ta sa irin aikin da malamar nan ta yi cikin abin da ake ƙirgawa wajen ƙarin girma. Ita ba ta samu maki ko ɗaya a kansa ba.

Shawarata tana da iyaka. Ni mai tarihi ne, tsara kasafi da dokar jami'a aikin wasu ne, kuma naɗin majalisar gudanarwa ba a hannun kwamitinku yake ba. Biranen Ingila sun gina jami'o'insu ne suna tsakar arziki, da masana'antu masu neman masana ido rufe, alhali garuruwanmu da yawa masaƙunsu sun rufe, sana'ar da ta rage a hannun ƙananan masu sana'a take, waɗanda ba su da fam 100,000 na wasiyya. Hulɗa da mutum dubu masu ƙaramin jari ta fi hulɗa da attajiri ɗaya cin lokaci, kuma abin da ya yi aiki a marinar da na ba ka labari ba lallai ya yi a garinku ba. In kun gama ƙirgar nan, ka aiko mini da abin da kuka samu game da makarantun da ɗalibanku ke fitowa, mu duba tare kafin zamanku na gaba.